Ƙugun Baba ya riƙe saboda cutar Parkinson, wane motsa jiki za mu yi masa a gida?

Ɗan_Argungu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu ilimin abin a zauren nan. Mahaifinmu ya haura shekara saba'in, likita ya tabbatar masa da cutar Parkinson, mai sa karkarwa da ɗaurewar jiki, yana shan maganinta mai suna Sinemet. Alhamdu lillahi karkarwar hannu ta yi sauƙi, amma ƙugunsa ya riƙe ƙwarai. In ya tashi tsaye a ranƙwafe yake, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, takunsa gajere yana jan ƙafa. Tashi daga tabarma sai an kama shi, sa wando sai a zaune, hawa babur kuwa ya gagara don ba ya iya ɗaga ƙafa ya ƙetara. Wasu a gida sun ce a kwantar da shi a ja ƙafafun da ƙarfi jijiya ta saki, wasu sun ce a kira maɗori. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wane motsi ne ya dace, sau nawa, kuma da wane lokaci?

Fisiyo_BK:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya. Kada a ja, kada kuma a kira maɗori, ba gocewar ƙashi ba ce. Amma kafin in ba ka komai, amsa mini waɗannan. Ya faɗi kwanan nan? Yana iya ɗora nauyinsa a kan kowace ƙafa ba tare da ciwo mai tsanani ba? In akwai ciwo, ina yake nunawa da yatsa, matsematsi ko bayan mazaunai ko kwankwaso? An taɓa yi masa aiki a kwatangwalo? Abin da ya sa na tambaya, dattijo mai wannan cuta yakan faɗi, wuyan ƙashin cinya ya tsage, a gida a ɗauka riƙewar da aka saba ce. In ka kwantar da shi ka ga ƙafa ɗaya ta fi gajarta kuma ta kwanta waje, a bar maganar motsa jiki, a kai shi a yi hoton ƙashi ran nan.

Ɗan_Argungu:
Bai faɗi ba Likita, kuma ba a taɓa yi masa aiki ba. Ciwo babu sosai, sai dai ya ce yana jin ja a gaban cinya daga sama in ya yi ƙoƙarin miƙewa. Dama ta fi.

Fisiyo_BK:
To madalla. Riƙewar nan hawa biyu ce. Na farko daga ƙwaƙwalwa yake: ƙarancin dofamin, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen sarrafa motsi, yana sa tsokar da ke lanƙwasa gaɓa da wadda ke miƙe ta su ɗaure lokaci guda, ba mai sakar wa 'yar uwarta. Wannan magani ne ke sassauta shi. Na biyu daga zama yake. Akwai tsoka mai kauri da ta taso daga ƙashin baya wajen kwankwaso, ta ratsa cikin ƙugu, ta kama saman ƙashin cinya. Ita ke ɗaga cinya. In mutum ya yini zaune a gajarce take yini, in ya kwana a dunƙule a gajarce take kwana, da watanni suka tura sai ta zauna a haka. Ya miƙe, ta jawo gangar jikinsa gaba. Wannan ƙwaya ba ta taɓa shi, sai motsi.

Ka fara gwadawa ka gani da idonka. Ya kwanta rigingine a kan abu mai tauri, tabarma ko katifar da ba ta lotsawa. Ya rungumo gwiwar hagu zuwa ƙirji har kwankwasonsa ya manne da ƙasa. Ka dubi cinyar dama. In ta tsaya kwance lafiya lau, in ta ɗago to tsokar ta gajarta. Zura hannu ƙarƙashin gwiwar ka ƙirga yatsu nawa suka shiga, ka rubuta. Da shi za ka riƙa aunawa wata-wata.

Aikin kuma ga shi. A fara da sassautawa: rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe a haɗe, tafin ƙafa a ƙasa, ya kwantar da gwiwoyin dama, ya dawo, ya kwantar hagu, a hankali kamar lilo, sau 10 kowane gefe, kafaɗu kada su bar ƙasa. Irin wannan juyi mai tsari yana rage ɗaurewar na ɗan lokaci, shi ya sa ake sa shi a gaba.

Sai babban. Ya matso gefen gado ta dama, ya rungume gwiwar hagu kamar ɗazu, ƙafar dama ta sauka daga gefen gadon ta rataya. Nauyin ƙafar ya isa, kada ka danna. Kai ka tsaya manne da gadon don kada ya gangaro. Sakan 30, a huta, a maimaita sau 3, sannan a juya ɗaya gefen. Inda ake ɓata shi: in ya saki gwiwar da ya rungume, kwankwaso sai ya gantsare, jan ya bar cinya ya koma baya, washegari a ce motsa jiki ya jawo ciwon baya.

Na cikin cinyoyi, wanda shi ne matsalar hawa babur: rigingine, tafin ƙafa biyu su haɗu, gwiwoyi su buɗe su faɗa gefe da kansu. A sa filo ƙarƙashin kowace gwiwa, don in tsoka ta ji ba ta da madogara ƙara ɗaurewa take yi. Na bayan cinya: a zagayo tafin ƙafa da rawani ko zani, ya riƙe bakin biyu, ya ɗaga ƙafar gwiwa a miƙe iyakar inda ya ji ja. Su ma sakan 30 sau 3.

A rufe da kwanciyar rub-da-ciki, minti 2 a farko, ana ƙarawa har a kai 10 zuwa 15. Ja ake so ya ji, ba ciwo ba. Kada ya riƙe numfashi, kada a yi fizge-fizge. In ciwon ya kwana har gobe, an wuce iyaka, a rage.

BaZamfare_Tsafe:
Mu dai abin da munka sani nan wajenmu, a dafa ruwa a gasa wurin da tsumma, a shafa man zafi a murza da ƙarfi, sannan mutum biyu su riƙe shi a ja ƙafar har ta yi ƙara. Haka tsoffinmu sunka yi. Wanga aiki na sakan talatin-talatin yaushe za shi kai mutum?

Nas_Mafara:
@BaZamfare_Tsafe Yaya, rabin maganarka daidai ne. Gashi yana taimakawa, tsoka mai ɗumi ta fi saurin saki. Amma ruwan ya zama wanda za ka iya barin cikin damtsenka a ciki ba ka janye ba, a matse tawul, a ɗora minti 15 zuwa 20, ana ɗagawa ana duba fata. Mai ciwon suga ko wanda jin fatarsa ya ragu yana iya ƙonewa bai sani ba. Kuma kada a haɗa man zafi da gashi wuri ɗaya, fatar dattijo sirirya ce, tana salewa. Man kaɗanya ya isa don hannu ya zame.

Jan ƙarfi kuwa a'a. A cikin tsoka akwai 'yan jijiyoyin da ke jin an fizge ta, da sun ji sai su sa ta tsuke don kare kanta, wato kana ja tana ja. Ga ƙashin tsofaffi ya yi rauni, musamman wanda ya daɗe ba ya yawo. Busasshen ƙirgi in ka lanƙwasa shi da ƙarfi tsagewa yake yi, sai an jiƙa an bi shi a hankali. Ƙarar da ake ji ba alamar saki ba ce.

Likita_Yauri:
Abu ɗaya da ba a faɗa ba, kuma shi ne ke raba wanda ya ga amfani da wanda ya ce bai gani ba: lokaci. Sinemet yakan fara aiki minti 30 zuwa awa ɗaya bayan an sha. A daidai nan jiki ke sakewa, a nan za a yi motsin. In aka yi da asuba kafin magani, ko dab da lokacin shan na gaba, da ɗaurewar ƙwaƙwalwa ake kokawa, a gajiyar da Baba a banza.

A kuma lura da abinci. Sinadarin lebodofa da ke cikin ƙwayar yana gasa da furotin wajen shiga jini daga hanji da wajen shiga ƙwaƙwalwa. In aka sha shi a kan ƙosai, alale, nama, kifi ko fura da nono, ga wasu sai ya yi jinkiri ko ya yi rauni. A sha minti 30 kafin abinci ko awa ɗaya bayansa. In yana tayar da zuciya a haɗa da ɗan biskit ko koko marar madara. Ba cewa na yi a hana shi nama ba, a raba lokaci kawai. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ma a ba ta tazarar awa 2. Taurin ciki shi ma yana jinkirta maganin, kuma ya yawaita ga masu cutar.

Sannan bayan kwanciya kada ya zabura ya miƙe. Cutar da maganinta duka suna sa awon jini ya faɗi in an tashi. Ya juya gefe, ya zauna bakin gado minti ɗaya yana motsa ƙafafu, sannan ya tashi. In kuna da abin awo, ku auna a kwance, ku sake bayan ya tsaya minti 3. Lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, a gaya wa likitansa.

Anti_Fisiyo_Gusau:
Ban ƙi abin da @Fisiyo_BK ya tsara ba, amma ina ganin ya ba miƙa tsoka fili fiye da haƙƙinta. Miƙawa ita kaɗai sakinta ba ya daɗewa. Ka miƙe shi da safe, ya koma kujera ya yini, da la'asar an koma gidan jiya. Abin da ke riƙe mutum a miƙe tsokar mazaunai ce da ta baya, kuma su ne suka yi rauni. In ba a ƙarfafa su ba, gaɓar ta buɗe amma ba mai riƙe ta a buɗe.

Ɗana, ka ƙara waɗannan. Rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ƙafafu a ware faɗin ƙugu, ya matse mazaunai ya ɗaga su sama, ya ƙirga 5, ya sauke a hankali. Sau 8 zuwa 10, zagaye 2. In bayan cinya ya ɗaure masa, diddige ya yi nisa, a matso da shi kusa da mazaunai. Sai tashi da zama daga kujera mai ƙarfi da aka jingina da bango: ya matso bakin kujera, ya ja ƙafafu baya ƙarƙashin gwiwa, ya sunkuyo har hanci ya kai saitin yatsun ƙafa, ya tashi ya miƙe sosai ya buɗe ƙirji, sannan ya zauna a hankali ba faɗawa ba. Sau 5 a farko, a kai 10. Yawancinsu suna kasa tashi ne don suna ƙin sunkuyowa gaba, nauyi ya tsaya a baya. Sai tsayuwa riƙe da bango ko taga, ya ɗaga ƙafa gefe sau 10, baya sau 10, gangar jiki a tsaye, yatsu na kallon gaba.

Kuma a gaya masa ya yi komai da girma. Cutar tana sa mutum ya ji ya yi babban taku alhali ƙarami ya yi. Sai ya yi wanda shi a ransa ya ji ya wuce kima, sannan ya zo daidai. Kada ya zauna fiye da minti 30 bai tashi ya ɗan taka ba.

Fisiyo_BK:
Anti, na yarda da ƙarfafawa ɗari bisa ɗari. Inda muka bambanta, wanda cinyarsa ta ɗago sosai ba zai iya ɗaga mazaunai yadda ya kamata ba, da kwankwaso zai yi. Shi ya sa nake fara buɗe gaba, nan take a bi da naki yayin da gaɓar take a sake, a rufe da tafiya. Duka bai wuce minti 25 zuwa 30 ba.

Anti_Fisiyo_Gusau:
In zai jure minti 30. Da yawa ba sa jurewa, kuma in lokaci ya gaza mutanen gida miƙawa suke riƙewa su zubar da tashi da zama, don ita ce mai sauƙi. Ni in za a zaɓi ɗaya, tashi da zama zan zaɓa.

BaKabe_77:
Ai salla ma ta ishe shi motsa jiki in yana yin ta cikakkiya. Ruku'u, sujada, zama, sau biyar a rana.

Malam_Na_Jega:
@BaKabe_77 ka duba da kyau. Ruku'u ƙugu a lanƙwashe yake, sujada a lanƙwashe, zaman tahiya a lanƙwashe. Babu inda cinya ke wucewa baya, kuma nan ne matsalar Baba take kamar yadda likitoci suka bayyana. Sauka ƙasa da tasowa kam horo ne mai kyau, don haka kada a yi gaggawar mayar da shi kujera gaba ɗaya muddin yana iyawa ba hatsari. A ajiye kujera mai nauyi a gefensa ya dafa. In ya gagara, addini ya yi sauƙi: a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kishingiɗe. Wanda ke iya tsayuwa amma sujada ta gagare shi, ya yi kabbara da karatu a tsaye, ya zauna a inda ya kasa. Alwala kuma a zaune, kada ya tsaya da ƙafa ɗaya yana wanke ɗaya a wuri mai santsi.

Ummu_Hafsa:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Akwai yarinya a gidanmu 'yar shekara biyar, tun haihuwa jikinta ke sandarewa, ba ta tafiya. In aka ɗaga ta ƙafafun sai su harɗe, wanke mata matsematsi ma da ƙyar. Waɗannan motsin za su yi mata?

Anti_Fisiyo_Gusau:
Ummu Hafsa, nata daban ne, kada a kwafi na Baba. Ta Baba ɗaurewa ce iri ɗaya ko ka motsa a hankali ko da sauri. Ta yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni kuwa, gwargwadon saurinka gwargwadon ƙagewarta. Kuma akwai hatsarin da iyaye ba su cika sani ba: tsokar cikin cinya tana jan ƙashi ciki kullum, ga yarinya ba ta tsayuwa balle kwarmin gaɓar ya yi zurfi, sai kan ƙashin cinya ya riƙa zamewa a hankali har ya fita. Da farko ba ciwo. Shi ya sa yaron da ba ya tafiya ake son a fara yi masa hoton ƙugu tun wajen shekara 2, a riƙa maimaitawa duk wata 6 zuwa 12. In kan ƙashin ya fita da kashi 30 cikin 100 ko fiye, likitan ƙashi ake nema. Tunda wanka ya fara wuya, a yi hoton kafin a ƙara komai.

Kafin nan, yadda take yini ya fi miƙawar minti biyar tasiri. Kada a kama idon sawu a ɓamɓare ƙafafu. A fara lanƙwasa gwiwa da ƙugu, a jijjiga a hankali, za ki ji ta saki, sannan a buɗe ta gwiwoyi. In za ta kwanta a sa filo ko naɗaɗɗen zani tsakanin cinyoyi. Goyo yana da kyau don yana ware ƙafafu, haka ɗaukar ta a kwiɓi. A zaunar da ita ta hau naɗaɗɗiyar katifa, ƙafa ɗaya kowane gefe. A hana zaman da ake maida ƙafafu baya kowace a gefenta, mazaunai a tsakiya. A kuma nemi masu gashin ƙashi su auna mata abin tsayuwa, kafinta na iya haɗawa da katako.

Bagega_Ɗaya:
Wanga batu ya shafe mu. Tun gubar dalma ta 2010 a yankin Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe ɗaruruwan yara, akwai waɗanda sunka rayu da sandarewar jiki da farfaɗiya. Yanzu sun girma, sun yi nauyi, goyo ya wuce. Iyaye su sani shawarar filo da juya kwanciya ta shafe su su ma.

Nas_Mafara:
Haka ne. Wanda ba ya juya kansa a juya shi duk awa 2, a duba fatar kwatangwalo da ƙashin mazaunai da diddige. Jan launin fata da bai ɓace ba bayan an ɗauke nauyi, gyambon kwanciya ne ke farawa.

Mai_Kemis_Zuru:
In dawo kan manya. Duk wanda jikinsa ya fara ɗaurewa, a tattara duk magungunan da yake sha a leda a kai wa likita. Magungunan taɓin hankali irin su Haldol da Largactil, da magungunan amai da jiri irin su Stemetil da Maxolon suna toshe aikin dofamin. Suna iya jawo alamun cutar ga wanda ba shi da ita, su kuma tsananta ta ga mai ita. Mai Parkinson ya yi amai, kada a saya masa waɗannan a kanti.

Artane kuma da ake ba wa masu karkarwa, ga wanda ya haura saba'in yana kawo ruɗewa, mantuwa, bushewar baki, taurin ciki da riƙewar fitsari. Kada a ƙara masa shi don ƙugu ya riƙe. Maganin ciwo dikulofenak kullum-kullum yana cin ciki da ƙoda, kuma ba ya sakin tsoka. Sinemet da bakulofen, maganin sakin tsoka, ba a yanke su rana ɗaya, yin haka na iya kai mutum gadon asibiti da zazzaɓi da sandarewa. A sayi na gaba tun na hannu bai ƙare ba.

Likita_Yauri:
Ƙarin gargaɗi ga masu karantawa su kwafa. Mai sikila da ke jin ciwo a matsematsi yana ɗingishi, ba tsoka ba ce sai an tabbatar. Jini kan yanke wa kan ƙashin cinya ya fara mutuwa, miƙawa da ƙarfi ƙara lalata shi take yi. Wanda aka sa wa gaɓar ƙarfe a kwatangwalo kuma kada ya rungumo gwiwa zuwa ƙirji ko ya harɗe ƙafa sai da izinin wanda ya yi masa aikin. Ƙugu ya kumbura da zafi da zazzaɓi, ko sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ba a murzawa, asibiti.

Ɗan_Argungu:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Mun gwada awon, a dama yatsu huɗu sun shiga har da saura, a hagu biyu. Na gefen gado ya karɓe shi. Rub-da-ciki ne ya ƙi, ya ce wuyansa na ciwo kuma numfashi na yi masa nauyi. Sannan ban faɗa ba, in ya zo bakin ƙofa ko zai juya, ƙafafun sai su kafe a ƙasa. Shi ma daga ƙugun ne?

Fisiyo_BK:
Rub-da-ciki ga wanda ya ranƙwafa sai da tallafi. Filo ɗaya ƙarƙashin ƙirji da ciki, naɗaɗɗen tawul ƙarƙashin goshi don fuska ta kalli ƙasa ba sai ya murɗa wuya ba, ƙafafu su ɗan leƙa bayan katifa. Ana rage kaurin filon da makonni. Ba a yi bayan cin abinci, ba a barin shi shi kaɗai, don juyowa kan yi musu wuya. In numfashin bai daidaita ba, ko yana da ciwon zuciya ko yawan ƙwarewa, a bar shi gaba ɗaya. Madadinsa a tsaye: ya dafa bango da hannu biyu, ƙafar dama a baya taku ɗaya, ya matse mazaunai, ya lanƙwasa gwiwar gaba yana tura ƙugu gaba, ƙirji a sama. Matse mazaunan ne sirrin, in babu shi sha-raɓa kawai za a miƙa. A ba dama zagaye ɗaya fiye da hagu. Ga mai shekarunsa ana iya kai riƙon sakan 60 in ya saba.

Anti_Fisiyo_Gusau:
Kafewar ba daga ƙugu ba ce, daga ƙwaƙwalwa ce, kuma ita ta fi kayar da su. In ta zo kada a ja hannunsa, kai zai tafi ƙafa ta tsaya. Ya tsaya, ya miƙe, ya ja numfashi, ya karkata nauyi dama da hagu, sannan a ƙirga masa da ƙarfi, ɗaya, biyu, ya ɗaga babban taku. Ko ka sa ƙafarka a gabansa ya ƙetare. A ja layuka a ƙasa da alli ko fenti a bakin ƙofa da hanyar bayi, tazarar taku ɗaya-ɗaya, ido ya ba ƙafa umarni. Juyawa kuma ya zagaya da faɗi, kada ya murɗa a wuri ɗaya. Kada a riƙa yi masa hira yana tafiya.

BaZamfare_Tsafe:
To na ji batun ja. Amma gashin nan da hunturu ba ni barin shi, sanyi ɗaure tsoho yake yi.

Nas_Mafara:
Ba wanda ya hana, Yaya. Kaskon wuta a ɗaki a rufe ne kawai ban yarda ba, ga hayaƙin gawayi ga mai saurin faɗuwa.

Hajiya_Kalgo:
Ƙanena na Argungu, ka duba inda Baba ke zama, don a nan rabin aikin yake. Kujerar falo mai lotsawa da kujera 'yar tsugunno duka suna sa gwiwa ta fi ƙugu tsawo. A samo mai tauri mai hannu, tsayin santimita 45 zuwa 50, tafin ƙafa na taɓa ƙasa. In zaman ƙofar gida da abokai ne, a fitar masa da ita, kada a raba shi da mutane. Bayi na tsuguno a sa kafinta ya yi kujera mai rami, a kafa ƙarfen dafawa a bango. Da dare kada a jibga masa filo uku ko a sa filo ƙarƙashin gwiwa, daɗi gare shi amma a lanƙwashe zai kwana.

BaKabe_77:
Ni ina ganin tsugunon ma motsa ƙugu ne, in aka ɗauke masa ba zai ƙara riƙewa ba?

Hajiya_Kalgo:
Ya yi tsugunonsa da rana a tsakar gida yana riƙe da wani abu, ana kusa. Ba a bayi da dare ƙasa a jiƙe ba.

Likita_Yauri:
@Ɗan_Argungu kafewar nan ku lura da lokacinta. Ku rubuta awar shan magani, awar da jiki ya saki, da awar da ya sake ɗaurewa, na kwana uku zuwa bakwai, ku kai wa likitansa. In tana zuwa ne dab da shan na gaba, gyaran tazarar magani ake bukata, kuma shi zai yi, ba ku ba. Kuna tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato, ku nemi sashen gashin ƙashi a asibitin tarayya ko na Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi su ga yadda kuke yi da idonsu ko da sau ɗaya ne, likitan jijiya kuma akwai a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Da bazara zafin nan kan haura digiri 40, a yi motsin da hantsi bayan maganin safe, a inuwa, ya sha ruwa kafin da bayan. Batun azumi a tattauna da likita tun kafin wata ya kama.

Ɗan_Argungu:
In sha Allahu. Tambaya ta ƙarshe, yaushe za mu sa ran ganin canji? Kuma babur ɗin zai koma hawa?

Fisiyo_BK:
In ana yi kullum, a sake awon yatsu bayan mako 6 zuwa 8. Tashi daga kujera yakan riga awon gyaruwa. Cutar ƙaruwa take yi a hankali, don haka ko tsayawa wuri ɗaya aka samu riba ce, kuma in aka daina sai a koma baya. Babur ni ban ba da shawara ba ko ƙugun ya buɗe, saboda kafewa da jiri. Keke Napep ya fi: ya juya baya ya zauna tukuna, sannan ya shigar da ƙafafu ɗaya bayan ɗaya.

Anti_Fisiyo_Gusau:
Ni awon da na fi yarda da shi, sau nawa zai tashi ya zauna cikin sakan 30. Ku ƙirga yau, ku ƙirga bayan wata.

Nas_Mafara:
A kuma canza masa silifas. Mai jan ƙafa yana damƙe shi da yatsu, taku ya ƙara gajarta. Takalmi mai riƙe diddige, ƙasansa ba santsi ba kuma ba mai kama ƙasa sosai ba. Bakin tabarma da ya naɗe da wayar caji a hanyarsa a kawar.